Igiyoyin Yamma Biyu

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safiyar Talata aka buga waya ofishin 'yan sanda na kudancin Gadarif. Wani ginin ƙarfe, jamalon, ya faɗi a hanyar Ƙala'at an-Nahal, mutum ɗaya ya rasu.

Sufeto Yunusu Tsoho ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya kira 'yan sanda biyu suka shiga mota. Shekararsa goma sha tara a aiki, kuma a wannan gari aka haife shi, a unguwar Hausawa.

A wani fili a bayan gari wani kamfani yake gina babban sito na ajiye riɗi. Jamalon shi ne ƙashin ginin, wato ginshiƙan ƙarfe a tsaye da ƙarafan rufi a kansu, kafin a buga kwano. Layi uku aka riga aka tayar. Duka ukun sun kife ta gabas, sun lanƙwashe a kan juna.

Ma'aikata wajen goma suna tsaye cirko-cirko. An rufe gawar da tamfol.

Mamacin sunansa Omer Husain, mutumin Basunda, ɗan shekara talatin da huɗu. A da aikin gona yake yi, shekara biyu ke nan da ya koma aikin ƙarfe.

Shugaban ma'aikatan yana zaune a kan bulo, ya riƙe kai da hannu biyu. Yunusu ya san shi tun yana yaro. Sharu ne, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, aminin marigayi mahaifinsa, wanda ya ɗora rufin masallacin unguwarsu da hannunsa. Duk wani matashi da ya iya ɗaure ƙarfe a unguwar, a hannunsa ya koya.

Sharu ya ɗago kai ya dube shi. "Sannu da zuwa, Janabu," ya ce, kamar yadda ake gaida kowane jami'i.

"Baba, ni ne. Yunusu na Malam Tsoho."

"Af, Yunusu. Kai aka turo? To, alhamdu lillahi."

"Yaya abin ya faru?"

"Lokacin fatur ne. Ma'aikata duk sun tafi karyawa wajen mai shayi, can ƙarƙashin bishiya. Ni ina cikin kwantena. Sai na ji ƙara kamar an yi aradu."

"To shi Omer me yake yi a sama shi kaɗai?"

Sharu ya sunkuyar da kai. "Ban so in faɗa ba. Je ka ɗaga tamfol ɗin, hancinka zai gaya maka."

Yunusu ya ɗaga. Wani wari mai kaifi ya buge shi daga rigar mamacin, ja ce, gabanta a jiƙe.

"Giyar aragi ce," in ji Sharu a hankali. "Ya sha, ya kwance igiyoyin da ke riƙe da jamalon, ya hau ko ɗamarar tsaro bai ɗaura ba. Iska ta taso. Shi ke nan."

"Akwai wanda ya gani?"

"Khalid direban winsh yana bakin get."

Khalid yana jingine da motar ɗaga ƙarfen. Ya ce e, tun safe motarsa tana bakin get, bai motsa ta ba, bai ga komai ba sai ƙura.

Yunusu ya zagaya wurin. Igiyoyin ƙarfe huɗu ne suke riƙe da jamalon, kowace an ɗaure ta a turke a ƙasa. Biyu na gabas suna nan a turkensu. Biyu na yamma an kwance notinansu da sifana, an naɗe ƙarshen kowace tsaf an ajiye a gefe, notinan a jere a kan dutse.

Ya rubuta a littafinsa, bai tsaya ya yi wani tunani a kai ba. Maganar Baba Sharu ce, a wurinsa ta isa.

Bayan azahar ya je asibiti. Farfajiyar ta cika da dangin mamacin, wasu daga Basunda suka taso da jin labarin. Wata mace siririya ta miƙe daga cikin mata ta tare shi.

"Janabu, ni ce matarsa, Ummusalama. An ce kai ke da binciken. Yaya aka yi ya faɗo? Mutum ne mai tsoron bisa, kullum sai ya ɗaure kansa."

Yunusu ya gaji, ga zafin rana. Ya amsa ba tare da ya rage murya ba.

"Sai haƙuri, baiwar Allah. Bai ɗaura komai ba. Kuma alamu sun nuna ya sha abin maye."

Farfajiyar ta yi tsit. Wata tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafinta. Yayan mamacin ya juya fuska ga bango.

"Shekara goma sha ɗaya muna tare," in ji Ummusalama. "Ko sigari ban taɓa gani a bakinsa ba."

"Mata ba sa sanin komai na mazajensu," in ji Yunusu, ya wuce ciki.

Da la'asar aka binne Omer. Sahu biyu kawai aka samu.

Washegari da safe likitar da ta duba gawar, Dakta Zubaida, ta kira shi ofishinta. Ta tura masa takarda.

"Wa ya ce maka mutumin nan ya sha giya?"

"Na ji wari da hancina."

"A rigarsa ka ji. Babu komai a cikinsa, babu komai a jininsa. Abin da ke jikin rigar kuma ba aragi ba ne. Sibirto ne, irin wanda muke wanke ciwo da shi. Zuba masa aka yi."

Yunusu ya ɗauki takardar ya karanta.

Ta ajiye masa hotuna. "Duba nan. Shata biyu a kafaɗu, biyu a cinyoyi, faɗinsu ɗaya. Wannan sawun ɗamarar tsaro ne. Yana ɗaure da ita sa'ad da ya faɗo, ta fizge shi da ƙarfi. Bayan ya mutu aka cire masa."

Ya fito ya zauna a mota, bai tada ta ba. Ya tuna muryarsa a farfajiyar asibiti, da yadda ya faɗi maganar kamar mai karanta lambar mota. Mashayi ba ya jera notina a kan dutse. Ya gani da idonsa jiya, ya rubuta, ya wuce.

Kai tsaye ya nufi gidan makokin. Ɗaki ɗaya ne a cikin wani gidan haya, an kafa rumfa a ƙofa. Maza kaɗan ne a kan tabarma.

Ya cire hula, ya tsaya a tsaye.

"Jama'a, jiya na faɗi magana a kan marigayi. Ba gaskiya ba ce. Likita ta tabbatar bai sha komai ba, kuma yana ɗaure da ɗamararsa. Na faɗa ban bincika ba. Laifina ne. Ku yafe mini."

Yayan mamacin ya ce, "Allahu akbar," hawaye suka zubo masa.

Daga bayan danga muryar Ummusalama ta fito, ba ta ɗaga ta ba.

"Janabu, jiya a gaban mutum fiye da talatin ka faɗa. Yau bakwai ne a nan. Sauran sun koma Basunda tun da sassafe, da maganarka suka tafi. Can iyayensa suke. Can 'ya'yansa za su girma."

Yunusu ya mayar da hularsa ya fita.

A wurin aikin ya tarar da injiniyar ginin a cikin kwantenar da suka mayar ofis. Sunanta Raniya, ana kiranta Muhandisa, wato injiniya, shekarunta ba su kai talatin ba. Daga Khartum ta zo da iyayenta sa'ad da yaƙi ya tashe su, wannan ne babban aikinta na farko a Gadarif. Idanunta sun kumbura.

"Muhandisa, ina kike jiya da safe?"

"Na je duba ƙarafan da za a kawo daga kasuwa. Na bar Usta a wurin."

"Akwai tsari a rubuce na yadda za a tayar da jamalon ɗin nan?"

"Akwai. Ni na rubuta." Ta jawo wasu takardu shida a haɗe. "Duk abin da zai kare rai yana ciki. Ba a sakin ƙarfe daga ƙugiyar winsh sai an ɗaure shi da noti biyu a kowane kai. Duk wanda zai hau sai da ɗamara da hular kwano. In iska ta yi ƙarfi, kowa ya sauko. Sai shafi na uku, shi ne mafi girma."

"Me ya ce?"

"Jamalon kafin a ɗaura masa ƙarafan gicciye ba ya tsayuwa da kansa. Igiyoyin nan huɗu ne ƙafafunsa. Ba mai taɓa ko ɗaya sai an gama gicciye, kuma sai ina tsaye. Shi ya sa na zana wa winsh hanya ta kudu, inda babu igiya. Hanyar ta fi tsawo, amma ba ta bukatar a kwance komai."

"Ma'aikata sun san wannan?"

"Usta ne zai karanta musu kowace safiya. Ya sa hannu cewa ya karanta, ya kuma yarda."

Yunusu ya juya zuwa shafin ƙarshe. Akwai layi da aka ja don sa hannu, amma layin a wofi yake. Sa hannun Sharu yana can sama, a kan rubutun da aka buga, ya rufe kalmomi uku.

"Me ya sa ya sa hannu a nan?"

Raniya ta kalli ƙasa. "Na lura. Na kuma lura bai taɓa karanta musu ba. Ranar da na ba shi, ya ɗan juya takardun ya ce, 'Yarinya, shekara arba'in ina tayar da ƙarfe.' Sai na yi shiru."

"Me ya sa kika yi shiru?"

"Sa'an mahaifina ne, Janabu. Ni baƙuwa ce a garin nan, ga ni mace a cikin maza goma sha biyu. Na ji nauyin in tsayar da shi a gaban mutanensa in ce ya karanta." Ta dubi takardun. "Na rubuta shafi shida don kada a mutu, na kasa faɗin jimla ɗaya da baki."

Yunusu bai yi mata faɗa ba. Bai ga bakin da zai yi da shi ba.

"Ina akwatin magani?"

Ta sauko da shi daga bango. Auduga tana nan, bandeji yana nan a ƙunshe. Kwalbar sibirto babu ko ɗigo.

"Ranar Lahadi na sayo ta, cike," in ji Raniya. "Ba wanda ya ji ciwo tun daga ranar."

"Ɗamara nawa kuke da su?"

"Takwas."

Suka duba ƙusoshin da ake rataye su. Bakwai.

"Wa ke da mabuɗin kwantenar nan?"

"Ni da Usta."

Ya fito ya nufi turakun yamma. An yi ruwa daren Lahadi, baƙar ƙasar Gadarif kuwa tana riƙe sawu kwana da kwanaki. Ga sawun manyan tayoyi nan, sun taso daga get, sun miƙe zuwa yamma, sun tsaya taku huɗu daga turke na farko. Sannan sun koma da baya.

Ya sa aka kira masa Khalid. Mutum ne kakkaura mai kusan shekara arba'in.

"Jiya ka ce motarka ba ta bar bakin get ba."

"Haka ne, Janabu."

"To wannan sawun na wa ne? Akwai wani winsh a nan ban da naka?"

"Wataƙila na shekaranjiya ne."

"Shekaranjiya ta kudu kuka yi aiki, Muhandisa tana nan. Kuma duba, sawun ya bi ta kan ɓawon gyaɗar da ma'aikata suka zubar jiya da safe. Khalid, mutum ya mutu. An cire masa ɗamara, an zuba masa sibirto, an binne shi da sunan mashayi. Kai ka yi?"

"Wallahi ba ni ba ne!"

"Wa ya yi?"

Khalid ya durƙusa a kan ƙasar, ya dafa gwiwoyinsa.

"Usta ne ya koya mini aiki. Shi ya tsaya mini a aurena. Yaya zan yi in buɗe baki a kansa?"

"Kamar yadda ka iya rufe shi a kan Omer."

Khalid ya fara magana, idonsa a ƙasa.

"Da mutane suka tafi fatur, Usta ya ce in kawo mota ta yamma, mu ɗaga ƙarfen layi na huɗu mu ajiye kusa kafin su dawo. Na ce ai Muhandisa ta kudu take sa mu bi. Ya ce ta kudu ɓata lokaci ne. Na ce ga igiyoyi a hanya. Ya ce zai kwance su minti goma, in wuce, ya mayar."

"Omer yana ina a lokacin?"

"Yana sama, a kan layi na biyu, yana ƙarasa ɗaure noti. Shi ba ya son barin aiki rabi."

"Ka gan shi?"

"Tun daga get na hango shi. Jar riga ce a jikinsa, ga rana ta fito sosai, kowa zai gani. Na ga Usta ya ɗaga kai ya duba sama, har ya kare ido da hannu. Na ce a raina zai kira shi ya sauko. Sai na juya ina duba madubi, ina daidaita mota, ga ƙarar inji. Da na waiwayo, igiyoyin suna ƙasa, Omer yana sama. Na danna ham. Kafin in sake numfashi iska ta bugo."

"Daga nan fa?"

"Usta ya ruga. Ya tarar da shi a ƙarƙashin ƙarfe. Ya yi ta cewa, 'Daga ina? Daga ina ya fito?' Sai ya ce in mayar da mota get, in rufe bakina. Ta madubi na ga ya shiga kwantena ya fito da kwalba. Kafin mutane su iso daga bishiya, ya gama."

"Ka ce ya duba sama kafin ya kwance."

"Ya duba, wallahi."

"Akwai gaba tsakaninsu?"

"Ko kaɗan. Omer ne ma ya fi so a cikinmu."

Yunusu ya dubi ƙarfen da ya lanƙwashe. Mutumin da ya duba sama cikin hasken rana, bai ga jar riga ba. Mutumin da ya sa hannu a kan rubutu. Mutumin da ya kalli ɗan amininsa ya gaishe shi kamar baƙo.

"Khalid, ina babur ɗin Usta? Na san shi da baƙin babur."

"Ya daina hawa tun bara. Ya ce gwiwa ke damunsa. Raksha yake shiga, keke mai ƙafa uku."

Ranar Alhamis da hantsi Yunusu ya tara kowa a wurin aikin. Ma'aikata suka tsaya a gefe ɗaya. Ya ce wa Raniya ta je ta tsaya kusa da winsh, kada ta yi magana. Ya sa aka kawo wa Sharu kujera a inuwar kwantena, shi kuma ya zauna a kan bulo, ƙasa da shi.

"Baba, akwai abin da ban gane ba a takardar nan. Ka karanta mini shafi na uku."

Sharu ya karɓa. Ya kawo ta kusa da fuska, ya nisanta ta. "Rubutun ƙanana ne. Ƙura ta shiga idona tun shekaranjiya."

"To bar shi. Wane ne wancan a tsaye kusa da winsh?"

Tsakaninsu bai fi taku goma sha biyar ba. Raniya tana sanye da shuɗin mayafi da farar hular kwano.

Sharu ya ƙanƙance ido. "Khalid ne mana."

Ba wanda ya yi motsi. Khalid yana zaune a bayan kujerar Sharu, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi.

"Muhandisa ce, Baba," in ji Yunusu.

Takardun suka zame daga hannun tsohon. Da ya fara magana, muryarsa ta dushe.

"Shekara biyu ke nan. Kamar hayaƙi ya fara, yanzu kamar an rufe mini fuska da farin ƙyalle. Na je asibitin ido sau ɗaya, aka ce yanar ido ce, aiki za a yi. Ban koma ba. Ko matata Hajo ban gaya wa ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce me? Usta Sharu, wanda yake hango noti maras ɗauri daga ƙasa, ya zama makaho? Wa zai sake sa ni a gaban jamalon? Ban san wani abu ba sai ƙarfe, Yunusu. Na ce hannuna ya san aikin, kunnena ya san muryar kowa, zan lallaɓa."

"Takardar Muhandisa fa?"

"Ko harafi ɗaya ban gani ba. Da na ce ta karanta mini, da ta gane. Sai na yi mata tsawa." Ya juya fuska wajen da yake zaton take. "'Yata, ba raini ba ne. Kunya ce."

Raniya ta rufe fuska da mayafi.

"Ranar Talata fa?" in ji Yunusu.

"Na duba sama. Wallahi na duba. Fari kawai na gani, na ɗauka kowa ya tafi fatur. Ban kira ba, don kada Khalid ya ce me ya sa nake tambayar abin da ke gabana. Na kwance ta farko, na kwance ta biyu. Na naɗe su yadda na saba." Ya juya fuska wajen ƙarfen da ya faɗi. "Da Omer ya ƙi bin ƙa'ida, da wataƙila ya yi tsalle ya tsira da karaya. Amma ya ɗaure kansa a jikin ƙarfen, yadda na koya masa. Tare suka sauko."

"Wannan kuskure ne, Baba, kotu za ta duba shi a matsayinsa. Abin da ya biyo baya fa?"

Sharu ya fara kuka, ba sauti, kafaɗunsa ne kawai ke girgiza.

"Na durƙusa a kansa. Na taɓa wuyansa, babu rai. Abin da ya fara zuwa mini ba salati ba ne. Cewa na yi, yau za a sani. Na kwance masa ɗamarar da hannun nan. Jikinsa da ɗumi. Na zuba masa kwalbar. Mutumin da yake kawo mini ruwan alwala kullum." Ya share fuska da hannun riga. "Na bi sallar gawarsa a sahun gaba. Ina ji ana raɗa a bayana, ana cewa mashayi. Na ɗaga hannu na yi kabbara."

"Ina ɗamarar?"

"Cikin duron ruwa, bayan kwantena."

Ɗan sanda ya naɗe hannun riga ya lalubo ta. Ya ɗago ta tana ɗigar ruwa, ƙugiyarta ta miƙe saboda ƙarfin fizga.

Yunusu ya miƙe tsaye. "Usta Sharu, na kama ka bisa zargin sanadin mutuwar Omer Husain ta hanyar sakaci, da ɓata shaida, da yi wa hukuma ƙarya. Khalid, kai ma za ka biyo mu."

Ɗan sandan ya ciro ankwa. Yunusu ya girgiza masa kai.

Sharu ya tashi da ƙyar. "Yunusu, ka bar ni in yi magana da mutanena."

"Yi."

Ya juya ya fuskanci inda yake jin numfashinsu. Waɗansu a cikinsu ya riƙe hannunsu ranar da suka fara hawa ƙarfe. Babu wanda ya iya kallonsa.

"Ku ji da kyau. Omer bai sha komai ba. Omer bai kwance igiya ba. A cikinmu duka, shi kaɗai ya bi abin da aka rubuta. Ni na kashe shi, ni na ɓata masa suna. Duk wanda ya ji waccan maganar daga bakinku, ku koma ku gaya masa wannan. Kuma in an sake tayar da ƙarfen nan, ku zauna Muhandisa ta karanta muku takardarta tun daga farko har ƙarshe. Wanda bai gane ba ya ce bai gane ba."

Wani daga cikin ma'aikatan ya ce, "To, Usta," da murya ƙasa-ƙasa.

An riga an kawo motar 'yan sanda, tana tsaye a gabansa, ƙofar baya a buɗe. Sharu ya yi taku biyu ya tsaya. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Sannan, karo na farko a gaban mutanensa, ya miƙa hannu cikin iska.

"Yunusu," ya ce, "ban ga motar ba. Kama hannuna."

Yunusu ya kama, ya kai shi har bakin ƙofa, ya dafa masa kai don kada ya bugu.